Motar da ta ɗauke mu mu bakwai

Ranar da na yanke shawarar sauya mota, muna dawowa Sakkwato ne daga ƙauyenmu da ke bayan Tambuwal, kwana uku da Ƙaramar Sallah ta 2022. Tsohuwar Corolla ce a hannuna a lokacin, mai kujera biyar, mu kuwa mu bakwai ne: ni da maiɗakina da yara huɗu da Inna. Inna a gaba, sauran biyar a baya, auta bisa cinyar uwarta, babban yaron kuma an matse shi jikin ƙofa. Farkon watan Mayu ne, kuma duk wanda ya san Sakkwato ya san irin ranar da ake yi a wannan lokaci. Daga ƙauyen zuwa kwalta akwai 'yar tafiya cikin rairayi. Sau biyu cikin motar yana dukan ƙasa, sau ɗaya kuma sai da kowa ya sauka aka tura.

Da muka iso gida Mabera, Inna ta kasa fitowa. Kujerar ta yi ƙasa da yawa, gwiwoyinta sun sage, sai da ni da babban yaron muka ɗago ta. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa kawai ta yi, "Baɗi in Allah ya kai mu, ku tahi ku gaishe min da su, ni na yahe." Maganar nan ta hana ni barci. Matar da aka haifa a garin, ta yi aure a can, iyayenta da mahaifinmu suna kwance a maƙabartarsa, ita ce za ta yafe zuwa gida saboda kujerar mota.

Ni ma'aikaci ne, albashi kuwa ba ya sayen babbar mota. Abin da ke rufa min asiri shi ne albasa: ina saye lokacin da ta yi yawa a wajen Kware da Wurno, in adana a rudu, in fitar idan ta yi daraja. A shekarar na jira har na sayar da ita, na haɗa da kuɗin Corolla da shanu biyu da nake kiwo a ƙauye da kwasar adashin ofis. Wata shida na yi ina tarawa, kuma a cikin wata shidan nan ba abin da nake yi da yamma sai zagaya wuraren dillalan mota da zama a garejin bakanikena a Buzaye ina tambaya.

Sienna aka fara ba ni shawara, kuma gaskiya ta fi kowacce fili a ciki. Sai dai cikinta kusa yake da ƙasa, ni kuwa rairayin ƙauyenmu ne ya kore ni daga ƙaramar mota. Prado ta fi ƙarfin aljihuna tun daga nesa. Lexus RX350 kujera biyar ce, ba ta magance min komai ba. Honda Pilot tana ɗaukar mutum takwas, na so ta ƙwarai, amma bakanikena ya nuna min cewa injinta da bel yake aiki, wanda dole a sauya shi a kan lokaci, kuma kayan gyaran Toyota sun fi sauƙin samu a garin nan. A haka muka tsaya a kan Highlander, zubi na biyu, wanda aka ƙera daga 2008 zuwa 2013, mai injin silinda shida na lita 3.5. Wannan injin sarƙa gare shi a maimakon bel. Ya kuma ce in nemi ta 2011 zuwa sama, domin daga shekarar ne aka raba kujerar can baya gida biyu, ana iya kwantar da rabi a zuba kaya, rabi kuma yaro ya zauna. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Yau ita ce abin da na fi amfana da shi a motar.

Ta farkon da ta shiga raina baƙa ce, tana ƙyalli, kuma kuɗinta ya yi ƙasa da na sauran sosai. Da na tambayi takardar kwastan sai dillalin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, mi za ka yi da takarda? Ai cikin gari za ka riƙa yawonka." Nan na gane inda arahar ta fito. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashar jiragen ruwa. Mu kuwa Illela ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, a tsallake ga Ƙwanni, kuma kowa ya san akwai motocin Kwatano da ke zagayowa ta Nijar su shigo ta daji. Irin wannan motar tana iya shekara a hannunka lafiya lau, ranar da ka ɗauki iyali za ku Kano ko Kaduna a tare ku a hanya, a sauke ku da kayanku, motar ta tafi. Na tuna Inna tsaye a bakin titi cikin rana, na ce wa dillalin Allah ya kawo kasuwa, na juya.

Wadda na saya daga baya ruwan toka ce, ta 2011, ta sauka ta tashar Tin Can a Legas, mai jan ƙafa huɗu. Kwana biyu muka yi muna dubanta, kuma ina ganin wannan kwana biyun su ne mafi amfani a duk cinikin. Bakanikena ya kafa sharaɗin cewa kada a tayar da ita kafin mu zo, domin inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya, in ya ɗumama sai ya ɓoye. Muka iso bayan an fito sallar asuba da kaɗan. Ya taɓa injin ya ji shi da sanyi, sannan ya ce a murɗa makulli. Ya sa ido a kan fitilun gaban direba: ta jakar iska da ta inji dole su kama tare da sauran, su mutu bayan ɗan lokaci. Wadda ba ta kama ba sam, to wani ya cire ƙwanta don ya rufe laifi. Ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya buɗe murfin ya leƙa ko akwai dasƙararren datti. Ya kwanta a ƙasa da tocila yana duban tsatsa, saboda a jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake zubawa a titi, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi. Ya ɗaga kafet, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa yana neman alamar laka, domin ana sayar da motocin da ambaliya ta shanye a gwanjo, a wanke su a turo mana. Ya tabbatar ba a ciro abin nan na cikin salansa da ake kira indomi ba, wanda ɓarayi da wasu masu gyara ke sacewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. A ƙarshe ya jona mata kwamfuta.

Ni kuma aikina lambar shasi ne. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, kuma dole su yi daidai da na takarda ba bambancin ko harafi ɗaya. Tawa ta fara da 5TD, alamar an haɗa ta a masana'antar Toyota ta jihar Indiyana, waɗanda aka haɗa a Japan kuwa da JTE suke farawa. Wani ƙanena ya biya kuɗi kaɗan ta intanet ya ciro tarihinta da wannan lambar. A nan muka ga an taɓa bugun ta ta baya, an sauya bamba, amma ƙashin motar bai taɓu ba, kuma tafiyar da agogonta ya nuna ta yi daidai da abin da aka rubuta a can. Kashegari na ɗauki takardar fito da lambar na je ofishin kwastan da ƙafata, aka duba aka ce kuɗin da aka biya na wannan motar ne, ba na wata mai kama da ita ba. Sai a lokacin na taya. Muka yi ta ja, yana albarka ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, na kawo maganar bugun baya da tayoyin da suka tsufa, har ya sallama. Aka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu ta kowane ɓangare, na biya ta banki don ya zama akwai shaida, na ba dillali la'adarsa.

Sauran takardun ba su da wani labari: lamba, lasin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora. Inshorar dole a lokacin naira 5,000 ce, da aka shiga Janairun 2023 ta koma 15,000. Na sayi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, na koyi yadda ake sauko da safayar taya, wadda a wannan motar a ƙarƙashi take rataye ta baya. Gara mutum ya koya a ƙofar gidansa da ya koya a dajin da ba kowa.

Kafin in ɗauki kowa a cikinta sai da ta kwana uku a gareji. An juye baƙin mai, kuma a nan muka ɗan yi gardama da wani yaron garejin da ya kawo mai kauri, irin 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci, wai zafin Sakkwato sai shi. Maigidansa ya nuna masa abin da ke rubuce a murfin injin ya ce, "Wanda yay yi injin ya hi mu sanin abin da shika sha." Injin nan yana da ƙananan hanyoyin mai da ke sarrafa buɗewar bawul, mai kauri ba ya ratsa su da sauri, musamman da safe. Kusan lita shida yake ci. An sauya man giya da irin nasa, an sauya matatar iska ta inji da ta esi, wadda ke ɓoye a bayan akwatin gaban fasinja kuma mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Tayoyi huɗu na saya sababbi, iri ɗaya, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son taya ɗaya ta fi wata girma. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 3522, alal misali, mako na 35 ne na 2022. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robar ta shekara takwas, kwaltar watan Afrilu kuwa ba ta yi wa tsohuwar roba uzuri.

Tuƙinta sai da na sake koyo. Abu na farko, manyan lambobin agogon gudu mil ne ba kilomita ba, kilomita su ne ƙananan da ke ciki. Idan allura ta nuna 60, kana dab da kilomita 100 a awa ke nan, kuma motar ba ta jijjiga balle ta gargaɗe ka. Dokar hanya ta ba motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Na biyu, nauyinta ya kusa tan biyu kafin mutum bakwai su shiga, don haka birki yana buƙatar fili, kuma tsayinta ya sa ba a fizgar sitiyari don kauce wa rami ko akuya yadda ake yi da ƙaramar mota. Hanyar Bodinga zuwa Shagari ranar kasuwa ba a rasa jakai da amalanke da raƙuma a gefe, raƙumi kuwa in ya ga dama tsakiyar titi zai tsaya. Na uku, wanda ya fi tayar min da hankali, shi ne bayanta. Yaro ɗan shekara biyu in ya tsaya dab da bamba, direba ba ya ganinsa ta madubi. Na sa kyamarar baya, amma duk da haka doka ce a gidana: ba na ja da baya sai na ƙirga yaran da idona, namu da na maƙwabta. Kuma ba a barin motar a buɗe a tsakar gida, kada yaro ya shiga wasan ɓuya ya rufe kansa cikin zafin nan.

A cikin gari kuwa, girmanta wahala ne. Lungunan tsohon gari wajen Hubbaren Shehu ba don irinta aka yi su ba, kuma shiga Tsohuwar Kasuwa da ita tsakanin 'yan kabu-kabu da agwagwa da buje, wato babur mai ƙafa uku, neman karce ne kawai. Nakan ajiye ta nesa in taka.

Zan faɗi gaskiya a kan filin da ake yabon motar da shi. Layin tsakiya yana da faɗi ƙwarai, ana tura kujerun gaba da baya, ana kishingiɗar da su, kuma tsayin kujerar ya yi wa tsoho daidai: ba ya faɗawa rami in zai zauna, ba ya neman mai ɗago shi in zai tashi. Inna gajeruwa ce, don haka na ajiye mata 'yar kujerar tsugunno ta katako a but, tana takawa ta shiga da kanta. Amma layi na uku na yara ne, babban mutum ba zai jure tafiyar awa biyu a can ba. In kuwa aka tayar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage na kaya bai wuce wurin jaka biyu ƙanana ba. Mai tunanin zai zuba mutum bakwai da buhun gero da akwatunan Sallah duk a ciki, zai sha mamaki. Mu dabararmu ita ce, auta ta zauna tsakanin Inna da uwarta, babban yaron a gaba, biyu a can baya, kaya kuma a kan ƙarfen da na ɗaura a rufi, a lulluɓe da tamfol. In ɗaya daga cikin yaran bai zo ba, sai a kwantar da rabin kujerar baya a samu wurin buhu.

Ƙaramar Sallah ta 2023 ita ce tafiyarmu ta farko gaba ɗaya. Da muka sauka daga kwalta na rage wa tayoyin iska kaɗan, na riƙe giya ƙasa, ban tsaya ba ban kuma taka da ƙarfi ba, motar ta ratsa rairayin da ya saba kama mu kamar ba shi ba. Ba motar daji ba ce, a kan ƙashin Camry aka gina ta, kuma ba zan shiga da ita laka mai zurfi da damina ba. Amma abin da na saye ta dominsa ta yi shi. Inna ta sauka da ƙafarta a ƙofar gidan ƙanenta, ta wuce ciki ba mai riƙe da ita.

A hanyar dawowa ne zafi ya gwada mu. Mun wuce Shagari da kaɗan, wajen ƙarfe biyu na rana, esi na gaba da na baya duk suna aiki, sai na ga allurar zafi ta ɗaga daga inda ta saba tsayawa. Na kashe esi, na gangara ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na kashe injin. Wani mai gyara a bakin hanya ya zo, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, na riƙe shi, domin ruwan da ke ciki a matse yake kuma ya wuce tafasa, in ya yi tsalle fuska zai nufa. Da ta huce ya duba ya ce maganin abu biyu ne: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai motocin Turai don ƙasar sanyi aka yi su. Na kira bakanikena. Ban gama bayani ba ya ce, "Kak ka bari a ɗebe shi, Alhaji. Ƙara ruwa, ka taho sannu, ba esi."

Abin da aka gano kashegari ba ya da alaƙa da tamostat. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe tsakanin lagireto da kwandensar esi har iska ba ta ratsawa, ga kuma famfon ruwa da ya tsufa yana ɗiga a hankali, ya bar busasshen abu ruwan hoda a gefen injin. Mota mai shekara 12 ba abin mamaki ba ne. Aka sauya famfon, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya, wanda ke kawo tsatsa da ƙanzo a ciki. Na tsaya a kan wannan don na ga motoci da yawa a garin nan da aka lalata da wannan shawara. Aikin tamostat shi ne ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa, digiri 80 da ɗoriya. In aka cire shi, da sanyin safiyar Disamba injin ba ya kai wa zafinsa, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa fetur. Ka ƙara shan mai, ka ƙara cin inji, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Tun daga ranar, duk ƙarshen hunturu sai an hure min lagireto da matatun iska kafin bazara ta shigo.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Tankin motata lita 72 ne da ɗan ɗori. Lokacin da na saye ta, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba, in ka samu a gidan mai ba wajen 'yan bumburutu ba, cika tanki bai wuce 15,000 ba. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, cikawa ta doshi 40,000. Kafin 2024 ta ƙare lita ta wuce 1,000, tanki ɗaya ya zarce 70,000. Na auna da kaina, daga cikawa zuwa cikawa: a cikin gari da esi, lita ɗaya kilomita shida zuwa bakwai take kai ni, a doguwar hanya tara zuwa goma. Zuwa ƙauye da dawowa ya haura kilomita 200, wato lita ashirin da wani abu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na sani tun farko silinda shida ba ta wasa da mai, amma ban yi lissafi da wannan farashin ba, kuma ba na jin akwai wanda ya yi.

Wata biyu na yi ina fama, ina zuwa ofis da ita ni kaɗai a cikin kujera bakwai, har na ga kuɗin cefane ya fara shiga tanki. Maiɗakina ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, motar ga don Inna da ɗiya anka saye ta, ba don ofis ba." Na sayi babur. Yanzu shi nake hawa aiki da kasuwa, yara kuma makarantarsu ba nisa. Motar tana fita ranar Juma'a, da ranar da Inna ke da ganin likita, da tafiyar gida, da lalurar da ta taso. Ajiyar ma tana da nata sharaɗi: na yi mata rumfar kwano don rana kada ta farfasa gaban motar ta kashe batir, kuma ko ba inda za ni, duk mako sai na zagaya da ita ta bayan gari har injin ya yi zafi, da esi a kunne don kada robobinsa su bushe gas ya tsere.

Akwai wani nauyin da ba a rubuta shi a takardar ciniki. Ranar da babbar mota ta shiga unguwa, ta zama ta unguwa. Ɗaukar amarya, rakiyar alhazai zuwa filin jirgi na Sultan Abubakar III, zuwa gaisuwar mutuwa a Gwadabawa ko Yabo, duk ƙofarka za a buga. Wasu kuma daga ganin jif sun ɗauka kuɗi sun zauna maka, har masu faci sukan ƙara farashi. Na daɗe ina jin nauyin cewa a'a, daga baya na tsayar da magana ɗaya ga kowa. Biki, mai biki ya zuba mai, kuma ni zan tuƙa, ba na ba da makulli. Rashin lafiya da haihuwa kuwa ba a tambayata sau biyu, ba na kuma karɓar ko kwabo. Wani dare da damina, wajen ƙarfe biyu, maƙwabcina ya buga ƙofa matarsa na naƙuda ta galabaita. Muka kwantar da kujerun tsakiya da na baya, aka shimfiɗa katifa, ta kwanta a miƙe da mata biyu a gefenta, na ratsa ruwan da ya cika titi har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da Corolla ce da ruwan nan ya kashe ta a hanya. Yarinyar da aka haifa a daren yanzu tana gudu a ƙofar gidana, tana cikin waɗanda nake ƙirgawa kafin in ja da baya.

Maganar tsaro ma ta shiga lissafi. Halin da ake ciki a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da hanyar Gusau, ba ɓoyayye ba ne, kuma babbar mota tana jan ido. Ba na tafiyar dare, ba na fita kafin gari ya waye sosai, ba na sanar da ranar tafiyata sai ga wanda ya zama dole, kuma kafin in kama kowace hanya sai na kira direbobin tasha da suka biyo ta da safen.

Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin motocin Beljiyam ya bi ta. Dillalin da ya sayar min ya kira ni ya taya motar da kuɗin da ya fi abin da na biya nesa ba kusa ba. Na yi kwana uku ina juya maganar, domin kuɗin zai sayi albasa mai yawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne, in na sayar, wannan kuɗin ba zai sake sayo min irinta ba. Duk da haka na je na faɗa wa Inna bayan sallar isha'i, tana zaune bisa tabarma tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ɗan yi shiru sannan ta ce, "Kai wanga, dukiyarka ta, ka yi abin da ka gani. Ni dai na ga gida sau ukku da ita." Da safe na kira dillalin na ce ba ta sayarwa ba ce.

Jibi za mu ƙauye, ɗiyar ƙanen Inna za a ɗaura wa aure. Jiya na kai motar an duba birki da ruwan lagireto, na tsaya a kan mai faci har ya sa iskar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, wajen 30, ba 50 ɗin da ya saba durawa ba. Na zuba lita 30. Yaran sun riga sun fara rigimar wanda zai zauna a can baya, maiɗakina ta ɗaure kayan gara a buhu biyu da za su hau rufi, Inna kuma tun da la'asar ta aiko auta ta tambaye ni ko 'yar kujerarta tana cikin but.